Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa waldata ba ta kamawa?

Tambaya

Ni ma'aikacin ofis ne a Kaduna, walda ba sana'ata ba ce. Sha'awa ce ta sa na sayi ƙaramin injin walda na inbata, irin wanda ake ratayawa a kafaɗa, don in riƙa 'yan gyare-gyare a gida ranar Asabar: ƙafar kujera, kejin kaji, murhun gawayi da makamantansu. To amma abin ya ƙi. Sandar walda sai ta riƙa maƙalewa a jikin ƙarfe, in kuwa ta kama wuta sai ta huda bututun. Inda bai huje ba, ɗinkin sai ya fito guda-guda, ina buga masa guduma sai ya rabu. Na tsaya na kalli masu walda na bakin titi, na kwaikwayi yadda suke ɗiga sanda suna ɗagawa, amma nawa ba ya yin kamar nasu. Injin ne ba shi da kyau, ko hannuna ne? Ta ina zan fara gyara?

Daga wani mai karatu, Kaduna

Amsa

Malam, da wuya laifin ya zama na injin, hannunka kuma lafiyarsa lau. Abu biyu na gani a wasiƙarka. Ka fara koyo a kan ƙarfe mai wuyar sha'ani ƙwarai, wato siririn bututun nan mai kusurwa huɗu da ake kujeru da tagogi da shi, wanda kaurin jikinsa sau da yawa bai wuce milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Ƙwararre ma sai ya natsu kafin ya haɗa shi bai huda ba. Sannan ka kwaikwayi motsin hannun mai walda, alhali abin da idonsa ke gani ne yake tuƙa hannun. Kai kuwa daga inda ka tsaya ba abin da kake gani sai walƙiya.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a bakin sandar. Idan ta taɓa ƙarfe ka ɗan ɗaga, lantarki yana tsallake 'yar tazarar da ke tsakaninsu, ya zama harshen wuta mai zafin da ya haura digiri 5,000 a ma'aunin Salshiyas, shi kuwa ƙarfe a wajen 1,500 yake narkewa. Wutar nan abu uku take narkarwa a lokaci guda: fuskar ƙarfen da kake aiki a kai, wayar da ke tsakiyar sanda, da garin da aka lulluɓe sandar da shi. Biyun farko su ke haɗuwa su zama ɗan gurbin ruwan ƙarfe, wanda in ya daskare shi ne ɗinkin. Garin kuma aikinsa kariya. Wani sashensa yana ƙonewa ya zama hayaƙin da ke kore iska daga gurbin, sauran ya narke ya kwanta a sama ya zama ɓawon da kake fasawa da guduma. Kafin wani injiniyan jiragen ruwa ɗan ƙasar Suwidin, Oscar Kjellberg, ya fito da sanda mai lulluɓi a wajen 1907, da waya tsirara ake walda, iska ta shiga ruwan ƙarfen, ɗinki ya fito da ramuka yana karyewa.

Narkakken ɓawo bai kai ƙarfe nauyi ba, saboda haka yakan taso sama kamar yadda mai ke tasowa a kan miya. Duk koyon walda da sanda a nan ya tsaya: ka iya raba man da miyar alhali dukansu jajaye ne suna motsi. Ruwan ƙarfe ya fi haske da sheƙi, yana nan daf da bayan sanda, gefensa a fili. Ɓawo ya fi duhu, yana lilo, yana biyowa baya yana rufe ɗinki. Wanda bai iya bambanta su ba sai ya riƙa zuba ƙarfe a kan ɓawo, ko ya ga ɓawo ya cike tsakanin ƙarafa biyu ya ɗauka sun haɗu. Ɗauko ɗaya daga cikin ayyukan da suka rabu maka ka duba wurin karayar a rana. Za ka ga gudajin ƙarfe sun manne a wannan gefe, wasu a wancan, tsakiya kuwa baƙin ɓawo ne mai ƙyalli. Shi kaɗai ya riƙe aikin kafin guduma ta zo.

Ba ka faɗi da me kake kare idonka ba, ni kuwa nan na fi zargi. Da yawa cikin masu walda na bakin titi baƙin tabarau na rana suke sawa, wasu ma kau da kai suke yi ko su runtse ido daidai lokacin da wuta ta tashi. Ɗiga-ɗigar da ka gani dalilinta biyu: siririn ƙarfe ba ya jure wuta mai ɗorewa, kuma wanda ba ya iya kallon wutar ba zai iya jan dogon ɗinki ba. Shekaru sun koya wa hannunsu inda za su ɗiga, a ƙofa da taga kuma abin yana riƙewa, ba raina su nake ba. Amma kai da ba ka da waɗannan shekarun, hanyarka mafi kusa ita ce ka ga gurbin da idonka.

Saboda haka kafin ka ƙara sayen sanda ko ɗaya, sayi garkuwar fuska mai baƙin gilashin walda lamba 10 ko 11. In da hali ka nemi irin wadda ake sawa a ka, mai yin duhu da kanta da zarar wuta ta tashi, don za ka ga inda za ka ƙyasta, hannayenka biyu kuma su zama naka. A gaban baƙin gilashin akwai wani fari mai arha da ke tare tartsatsi. Da ya yi zane-zane ko ya dushe, canja shi. In kana karatu da tabarau, sa su a ƙarƙashin garkuwar, tunda gurbin nan bai fi girman ƙwayar wake ba kuma a nisan littafi yake. Tabarau na rana kuwa ba sa wadatarwa. Hasken walda yana ƙona fatar ƙwayar ido, ciwon kuma ba ya zuwa nan take, sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, cikin dare, mutum ya farka ido ya yi jajir yana zubar da hawaye yana raɗaɗi. Yawanci yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada a ɗiga masa madara ko ruwan sukari ko wani abin da aka ce. In ya wuce haka, ko kana zaton ɓurɓushin ƙarfe ya shiga, asibitin ido za ka nufa. Yara kuma da ke zagaye ka suna kallo, kore su, don hasken bai san ɗan kallo ba.

Yanzu ajiye bututun nan tukuna. Je kasuwar Panteka ko wurin 'yan gwangwan ka nemi guntayen farantin baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6, faɗin tafin hannu, tsawon taƙi guda, kamar guda biyar ko shida. Kada ka ɗauki mai farin rufi na galbanaiz, ko sifirin ɗin mota, ko ƙarfen zubi. Sa giranda ka goge tsatsa da fenti har fuskar ta yi fari. Wayar at, wadda ake maƙala wa ƙarfen aiki, ita ma ka goge mata wurin zamanta, ka maƙala ta a jikin farantin ko daf da shi. At da aka rataya a jikin ƙofa mai tsatsa, ko aka danne da dutse, shi kaɗai ya isa ya sa sanda ta yi ta maƙalewa kana zagin inji.

Duba jikin sandarka kusa da gindi, kusan tabbas za ka ga an buga E6013, don ita ta cika kasuwanninmu. Lambobi biyun farko ƙarfin ɗinkin suke nunawa, fam dubu 60 a kan kowane inci murabba'i. Lamba 1 na nufin ana iya aiki da ita a kwance, a tsaye da sama da ka. Ta ƙarshe irin lulluɓin ce da irin wutar da take karɓa. Sanda ce mai sauƙin tashi, mai laushin wuta, ba ta nitsa da zurfi, shi ya sa ta dace da ɗan koyo. Aibinta guda: ɓawonta na da yawa kuma ruwa-ruwa ne, yana son ya sha gaban sanda. Za ka ji ana yabon 7018, kuma ta cancanci yabo a manyan ayyuka, amma tana shan laima, tana da wuyar sake tayarwa, bar ta sai gaba. Ko 6013 ɗin ma, da damina ka adana ta cikin wani abu mai murfi a ɗaki. Sandar da ta sha sanyi tana feshi, tana barin ramuka, wadda kuma lulluɓinta ya ɓare a baki maƙalewa za ta yi ta yi.

A shago da geji ake kiran kaurinta. Geji 12 ita ce mai milimita 2.5, tana son amfiya 60 zuwa 90. Geji 10 ita ce mai 3.2, tana son 90 zuwa 130. A kan faranti mai kauri, fara da geji 10 a wajen amfiya 110. Na san hannunka zai so ya rage, tunda ka saba da hudawa, amma ƙarancin wuta shi ne babban dalilin maƙalewar sanda da ɗinki guda-guda. Ƙarfen sandar yana narkewa ya zubo, farantin bai narke ba, sai ya zauna a kai bai shiga ba. Kada kuma ka yarda da lambar da ke fuskar injin ɗari bisa ɗari. Ƙananan inbata masu arha sukan rubuta abin da ba sa bayarwa. Ja ɗinki uku a jere, kowanne ka ƙara amfiya goma, ka rubuta lambar da alli a gefensa. Wanda ya kwanta lumui, gefensa ya narke cikin farantin ba tare da tudu ba, shi ne lambar injinka, ko me littafi ya ce. In wuta ta yi yawa za ka sani: tartsatsi ya yawaita, gefen ɗinki ya zaizaye ya bar ɗan kwari, sandar kuma ta yi ja kafin ta kai rabi.

Akwai kuma wutar da ke shiga injin. Walda a amfiya 100 tana jan abin da ya kusa kilowat uku daga bango. In wutar NEPA ta yi ƙasa da yamma, ko ka ja doguwar siririyar waya daga ɗaki zuwa tsakar gida, lambar da ta yi maka aiki da safe ba za ta yi ba. Yi amfani da gajeriyar waya mai kauri, ka warware ta duka in a naɗe take. Janareta kuwa, in bai kai kVA 5 ba wahalar da shi kawai za ka yi.

Tayar da wuta ƙyastawa ce. Ja bakin sanda a kan farantin da ɗan hanzari, wuta na tashi ka ɗaga kaɗan, sannan ka sauko. Masu dungurawa kai tsaye sun riga sun gwanance. In ta maƙale, murɗa ta gefe da sauri ta ɓalle. In ta ƙi, buɗe holda, wato abin da ke riƙe sandar, ka sake ta, don in ka tsaya kokawa za ta yi ja lulluɓinta ya lalace. Ajiye wani guntun ƙarfe a gefe ka fara ƙyastawa a kansa, sanda mai ɗumin baki ta fi saurin kamawa.

Sai tazara, wadda a ganina ita ce ta fi kayar da masu koyo. Tsakanin bakin sanda da ruwan ƙarfe bai kamata ya wuce kaurin wayar sandar ba, wato milimita biyu da rabi zuwa uku. Kusa ƙwarai ke nan, kusa fiye da yadda zuciyarka za ta yarda da farko. Tsoron maƙalewa yana sa mutum ya ɗaga, da ya ɗaga kuwa wutar ta baje, hayaƙin kariya ya watse, ƙarfe ya riƙa faɗowa ɗigo-ɗigo ko'ina. Ƙari a kan haka, sandar tana ƙarewa kana aiki. Geji 10 mai tsawon santimita 35 takan ƙone cikin kamar minti guda, wato hannunka zai sauko kusan santimita 30 a daidai lokacin da yake tafiya gefe. Motsi biyu ke nan a tare, ɗan koyo kuwa yakan tuna da tafiyar ya manta da saukowar, sai tazara ta yi ta ƙaruwa har wuta ta mutu. Kunnenka zai taimake ka. Gajeriyar tazara ƙara take yi ƙanana a jere, tas-tas-tas ba yankewa. In ka ji ta koma huci, fuuu, tana fashe-fashe, ka yi nisa, sauko. Da 6013 a kan faranti, har kana iya barin gefen lulluɓin ya riƙa shafar ƙarfen a hankali, shi zai tsare maka tazarar.

Tsayuwar sanda kuma, miƙe ta tsaye a kan farantin, sannan ka karkatar da samanta digiri 10 zuwa 15 zuwa inda za ka. Janta ake yi, ba a tura ta. In da dama kake aiki, fara daga hagu ka ja zuwa dama. Dalili shi ne ƙarfin wutar ya riƙa hura ɓawo baya, gurbin ya zauna a fili. Da ka ga wani duhun ruwa ya zagayo gaban sanda, ɓawo ne ya sha gabanka: matso da sanda, ƙara karkata kaɗan, in ya ci gaba ƙara wuta. Ka lura da wuyan hannunka, don yayin da sanda ke gajarta yakan juya da kansa, ka fara da karkata daidai ka ƙare sanda a kwance.

Saurin tafiya gurbin ne zai faɗa maka. Tsaya inda ka fara har ya buɗe ya kai faɗin sanda biyu ko biyu da rabi, sannan ka tafi da saurin da zai riƙe wannan faɗin. Idonka ya bar hasken, ya koma kan gefuna biyu na gurbin da bayansa inda yake daskarewa. Mai gaggawa ɗinkinsa siriri ne, zanensa masu tsini. Mai nawa nasa tudu ne mai faɗi. Sandar geji 10 guda ta ba ka ɗinkin wajen santimita 20 zuwa 25. In ka ƙetare farantin da rabin sanda, gudu kake yi, kuma kusan duk ɗan koyo gudu yake yi. Kada ka kaɗa hannu hagu da dama ko ka yi zagaye-zagaye tukuna. Miƙaƙƙen layi kawai.

Rawar hannu kuma yawanci daga zama take. Kada ka tsuguna a ƙasa hannu na reto. Ɗora aikin a kan teburin ƙarfe ko bulo, ka zauna, ka kafa gwiwar hannu, ka tallafi hannun holda da ɗayan. Ɗora wayar a kan damtsenka don nauyinta kada ya riƙa janka. Kafin ka kunna inji, bi layin da sanda daga farko har ƙarshe ka ga ko hannunka zai kai ba ka motsa ba. Kanka ya kasance a gefe, kana hango gurbin ta bayan sanda, hayaƙi na wucewa ta gabanka. In doguwar sanda na karkarwa, raba ta biyu ka koya da rabi. Kuma ka yi numfashi, mutane da yawa suna riƙe shi ba su sani ba.

Aikin da zan ba ka ba shi da daɗi, amma shi ne aikin. Ja layi da alli a gefen faranti, ka bi shi da ɗinki. Fasa ɓawon, ka goge da burushin waya, ka duba. Sa farin tabarau lokacin fasawar, ɓawo mai zafi yana tsalle. Sai ka ja na biyu ya hau rabin na farko, na uku ya hau rabin na biyu, har farantin ya rufe. Juya shi, ka sake rufe shi a gicciye. Kowane ɗinki ka tambayi kanka abin da ya same shi, sannan ka canja abu guda tak: ko wuta, ko tazara, ko karkata, ko sauri. In ka canja uku a tare kuma ya gyaru, ba ka san wanne ya gyara ba. Ka riƙa musanya farantan, saboda wanda ya yi zafi yana karɓar wuta kamar ka ƙara amfiya, sai ya ruɗe ka. Na koyo kana iya tsoma shi a ruwa da filaya, amma aikin gaske a bar shi ya huce da kansa. Kwali guda na sanda ka ƙona a haka kafin ka nemi haɗa wani abu. Wata rana za ka ɗaga garkuwa ka ga ɓawon yana ɗagowa da kansa daga baya, yana lanƙwashewa, ba ka taɓa shi ba. Da 6013 wannan alama ce cewa wuta da tazara da sauri sun daidaita.

A nan ne kuma za ka koyi ɗora sabuwar sanda. Fasa ɓawon ƙarshen ɗinkin, ka ƙyasta kamar santimita ɗaya a gabansa, ka komo baya ka cike ɗan ramin da tsohuwar ta bari, sannan ka ci gaba. In ka zo ƙarshe kada ka fizge. Dakata kaɗan, koma baya ɗan taƙi, ramin ya cika, sannan ka ɗauke. Daga ramin ƙarshe tsagewa ke farawa.

Bayan haka sai haɗin kusurwa: faranti ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye a kansa. Nan ɓawon 6013 ke nuna halinsa, don kusurwa tana tara shi, sai ka fasa ka tarar da ɗinki biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, tsakiya rami. Ƙara amfiya kamar goma a kan na faranti, sanda ta raba kusurwar biyu daidai, bakinta ya nufi can cikin lungun, tazara gajeriya ƙwarai. Yi ɗinkin a gefe guda kaɗai. In ya huce, sa babbar guduma ka buga na tsayen ya kwanto ta kan ɗinkin har ya karye ko ya naɗe. Sai ka duba cikin. In gefen farantin yana nan da kaifinsa kamar yadda aka yanke shi, wuta ba ta kai lungun ba. In ka ga baƙaƙen ɗigo, ɓawo ne. In ƙarfe ne fari tun daga lungun har waje, kuma sai da ka yi gumi kafin ya ba da kai, ka yi walda. Kyan fuskar ɗinki ba shaida ba ne, musamman da wannan sandar da ta iya kwalliya. Ka karya da yawa.

To, yanzu koma kan bututunka. Rabin aikin siririn ƙarfe a wurin yanka yake: bakunan su haɗu ba rata, don duk inda haske ke wucewa nan zai huje. Yi amfani da geji 12 a ƙasan ma'auninta, ko geji 14 mai milimita 2 a amfiya 40 zuwa 60 in ka samu. Tunda injinka inbata ne, gwada mayar da wayar holda ramin da ke da alamar ragi, at kuma a na tarawa. Hakan yana rage nitson wutar. Ɗiga a kusurwoyi huɗu ka riƙe aikin, ka auna, sannan ka ɗinke. In bakin bututu ne ya tokari cikin wani, nufi jikin wanda aka tokara, saboda yankakken baki shi ke fara narkewa. Nan ɗiga-ɗigar masu bakin titi take da amfani, sai dai kai da ido za ka yi ta: ƙyasta, ka ga gurbi ya buɗe ya kama gefe biyu, ɗauke, ka jira jan ya fara dushewa, ka sake ɗorawa a gaban wancan yana hawan rabinsa tun ɓawon bai sandare ba. In ya huje, dakata ya huce, fasa ɓawo, ka riƙa ɗigawa a bakin ramin kana zagayawa har ya rufe. Nan gaba in za ka sayi bututu, ƙara kuɗi ka ɗauki mai kaurin milimita 2, za ka huta.

Ɗinki yana tsukewa in yana hucewa, ya ja ƙarfe zuwa gefensa. Shi ya sa firam ɗin da ka auna daidai yake fitowa a karkace. Kada ka gama gefe ɗaya kafin ka taɓa ɗayan, riƙa tsallakawa, kuma ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in tsawon ya zo ɗaya firam ɗin ya miƙe.

Da yake a gida kake aiki, akwai abubuwan da ba zan tsallake ba. Bututu mai rufin galbanaiz yana fitar da farin hayaƙin zinki da ke kawo zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon jiki bayan 'yan awoyi. Goge rufin daga wurin ɗinkin, ka yi aiki a fili. Madarar da ake cewa a sha ba ta hana komai, tunda hayaƙin huhu yake shiga. Sa kayan auduga masu dogon hannu, safar hannu ta fata da rufaffen takalmi. Rigar ƙwallo da sauran kayan roba narkewa suke yi su manne a fata, silifas kuwa tartsatsi tsakanin yatsu yake nema. Ko ba ka walda, muddin inji na kunne akwai bolt 50 zuwa 80 a bakin holda. Da busasshiyar safar hannu ba komai, amma da jiƙaƙƙiyar riga ta gumi, ko a kan jiƙaƙƙen siminti, yana iya kisa. Galan ɗin man janareta ya yi nisa da kai. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, gas ko wani sinadari, kada wutarka ta taɓa shi, ko an ce an wanke, ko ya shekara a bushe. In ka gama, zagaya wurin bayan rabin awa ka duba ko wani abu na cin wuta a ɓoye.

Murhun gawayi, kejin kaji, teburin aiki, marfin kwata, duk naka ne. Amma abin da in ya karye zai faɗo wa mutum, irin su tsani, lilon yara, ƙarfen mota ko babur, da ƙafar tankin ruwa, kai wa masu shi tukuna. Tankin lita 1,000 in ya cika, ruwan kaɗai tan guda ne a saman kan iyalinka.

Tunda a Kaduna kake, in ka rufe faranti biyu ko uku, ɗebi karyayyun haɗe-haɗenka ka koma Panteka. Wuce masu ƙofa da taga, ka nemi wanda ke aikin ƙarfe mai kauri, irin masu ƙera injin niƙa ko bodin mota, wanda ka ga yana rufe fuska yana jan dogon ɗinki. Ka gaishe shi, ka ba da ɗan goro, ka nuna masa karayar ya faɗa maka abin da ya gani. Sannan ka roƙe shi ya ja ɗinki biyu ko uku da sandarka, kai kuma ka tsaya a bayan kafaɗarsa da taka garkuwar, idonka a kan gurbin. In ya yarda, karɓi holdar ka ja naka yana kallo.